Saƙon Isturojin a Maman Ɓera: Yadda Yake Gina Nono da Yadda Yake Ciyar da Sankara

Abbie Lathrop malamar makaranta ce da ta bar aji ta koma wata gona a garin Granby na jihar Massachusetts a Amurka. Ta gwada kiwon kaji bai karɓe ta ba, sai ta kama kiwon ɓeraye tana sayar wa masu sha'awar ajiye su a gida, daga baya kuma masu bincike suka zama manyan abokan cinikinta. Mace ce mai lura, mai rubuta asalin kowane ɓera da zuriyarsa. Da ta ga wasu matan ɓerayen suna fitar da ƙululu a jiki, sai ta aika wa masanin cututtuka Leo Loeb, shi kuma ya tabbatar mata cewa sankarar mama ce. A 1916 su biyun suka wallafa abin da suka gano: idan aka cire wa macen ɓera gidan ƙwai kafin ta kai wata 6, yiwuwar ta kamu da sankarar mama tana raguwa ƙwarai. A lokacin babu wanda ya taɓa ganin sinadarin da gidan ƙwai yake fitarwa, ballantana ya san ta inda yake shiga nono.

Likitoci sun riga sun ga alamar wannan a jikin mutum. Shekara 20 kafin nan, a 1896, wani likitan tiyata a birnin Glasgow mai suna George Beatson ya ba da rahoton cewa ya cire wa wata mata mai sankarar mama da ta yi nisa gidan ƙwanta, ƙarin ya ja da baya. Wasu likitocin suka bi sahu, amma da aka tattara sakamakon sai aka ga kusan mace 1 cikin 3 ce kaɗai take samun sauƙi. Sauran sun sha wuƙa a banza. A 1929 aka tace isturojin, wato sinadarin gidan ƙwai, a karon farko, sannan a 1932 Antoine Lacassagne a birnin Paris ya riƙa yi wa mazan ɓeraye allurarsa har suka kamu da sankarar mama, cutar da da wuya ta kama namijin ɓera. Hujja ta taru cewa isturojin yana da hannu. Abin da ya rage shi ne a san dalilin da ya sa wani sashen jiki yake jin wannan sinadari wani kuma ba ya ji, da dalilin da ya sa wata sankarar take mutuwa idan aka yanke mata shi, wata kuma ko a jikinta.

Elwood Jensen na Jami'ar Shikago ne ya buɗe ƙofar a 1958. Ya yi wa isturojin alama da wani nau'in haidurojin mai fitar da hasken da na'ura take iya ganowa, ya saka shi a jikin dabbobin gwaji, ya bi sawunsa. Tsoka ba ta riƙe shi ba, jini ma ya sake shi da wuri, amma mahaifa ta kama shi ta riƙe gam. Akwai wani furotin a cikin ƙwayoyin sel na mahaifa da aikinsa ke nan, shi ne makarɓin isturojin. Idan sinadarin ya shiga sel ya manne masa, makarɓin yakan sauya siffa, ya haɗu da ɗan'uwansa su zama biyu, su zauna a kan DNA su kunna wasu ƙwayoyin gado. Sel da ba ta da makarɓi, ko an jiƙa ta cikin isturojin ba za ta san ana yi ba. A 1986 ɗakin binciken Pierre Chambon a Strasbourg ta Faransa da na Geoffrey Greene a Shikago suka fito da ƙwayar gadon da ke ƙera wannan furotin. Shekara 10 bayan nan, a 1996, George Kuiper da Jan-Åke Gustafsson na Cibiyar Karolinska a Suwidin suka gano akwai makarɓi na biyu. Aka kira na farko alfa, na biyu beta.

Ɓera ya dace da wannan bincike saboda wani dalili mai sauƙi: maman dabba mai shayarwa yana yin mafi yawan girmansa ne bayan haihuwa, a idon mai kallo. Macen ɓera tana da mama 10, biyar a kowane gefe. Ranar da aka haife ta, abin da ke ƙarƙashin kowane kan mama 'yan gajerun bututu ne da suka leƙa cikin wani dunƙulen kitse, kuma haka suke zama har ta kai kamar mako 3. Da gidan ƙwai ya fara aiki, sai bakin kowane bututu ya kumbura ya zama toho cike da ƙwayoyin sel masu rarrabuwa da gaggawa. Tohon nan ne ke kutsawa cikin kitsen, yana rabuwa gida biyu, kowane ya sake rabuwa, har zuwa mako na 10 ko na 12 lokacin da rassan suka kai ƙarshen kitsen suka tsaya. In ta ɗauki ciki, cikin kusan kwana 20 ƙananan rassa da buhunan ƙera nono sun cika wurin. In ta yaye 'ya'yanta, mafi yawan wannan gini ya rushe, ya jira wani cikin. Abin da ke ɗaukar 'ya mace shekaru, ɓera yana gama shi cikin makonni, kuma ana iya cire maman gaba ɗaya a shimfiɗa shi a kan gilashi a rina shi a ƙirga rassansa.

A 1993 Dennis Lubahn, Oliver Smithies da Kenneth Korach a jihar North Carolina suka samar da ɓerayen da aka lalata musu ƙwayar gadon makarɓin alfa. Masana da yawa sun zaci irin wannan dabba ba za ta rayu ba. Ta rayu, ta girma, amma maza da mata duka ba sa haihuwa. Maman matan kuwa ya tsaya cak a inda haihuwa ta bar shi: 'yan bututun jarirai, babu toho, babu reshe, alhali jininsu cike yake da isturojin fiye da na sauran ɓeraye. A 1998 aka samar da waɗanda ba su da beta. Su kam rassan mamansu sun cika kitse, sun haihu duk da cewa 'ya'yansu ba su kai na sauran yawa ba, kuma sun shayar. Hukunci ya fito fili: girman mama a lokacin balaga aikin alfa ne.

Beta ya ci tawada mai yawa. Gwaje-gwaje a kan ƙwayoyin sel da ake rainonsu a kwano sun nuna yana iya taka wa alfa birki, aka yi ta fatan samun magani daga gare shi. Sai a 2017 masu bincike a Suwidin suka gwada sinadaran antibodi 13 da ake amfani da su wajen gano beta a naman jiki, suka tarar guda 1 ne kawai yake kama shi da gaske, kuma da suka yi aiki da wannan ɗayan ba su ga beta a nonon mutum ba, lafiyayye ko mai sankara. Wannan ya jefa rahotanni da dama cikin shakka, kuma ya kamata duk mai karanta tsofaffin bayanai a kan beta ya riƙe shi a zuciya.

Ɓeran da ba shi da alfa ya bar wata tambaya a buɗe. Jikinsa duka ne ba shi da makarɓin, har da ƙwaƙwalwa da gidan ƙwai, don haka ba ya sakin ƙwai, sinadaran furojestaron da furolaktin ma sun yi ƙasa. To, maman ya ƙi girma ne don shi kansa kurma ne, ko don sauran sinadaran ba su zo ba? In kuma shi ne, wane sashe nasa ne: ƙwayoyin sel da suka shimfiɗa cikin bututun, ko kitse da naman da ke kewaye da shi? Dabarar warware wannan ta tsufa, tun 1959 Kenneth DeOme ya ƙirƙiro ta a Berkeley. Ana ɗaukar macen ɓera 'yar mako 3, a yanke ɗan ɓangaren kitsen da bututunta suke ciki, a bar sauran kitsen fayau, sannan a dasa gutsuren bututun wani ɓera a ciki. Gutsuren zai girma ya cika wurin kamar nasa. Ta haka ake iya haɗa bututu mai lahani da jiki lafiyayye, ko akasin haka.

Gwajin farko, wanda Gerald Cunha ya jagoranta a 1997, ya nuna makarɓin da ke cikin naman kewaye ne mai muhimmanci, kuma shekaru aka yi ana koyar da haka. Daga baya aka gane cewa ɓeran 1993 bai rabu da alfa gaba ɗaya ba, jikinsa yana ƙera wani guntun furotin mai ɗan sauran aiki. Ɗakin Chambon ya samar da wani ɓeran da babu ko burbushin alfa a jikinsa, Cathrin Brisken da abokan aikinta a Lausanne ta Siwizalan suka maimaita gwajin da shi a 2006. Sakamakon ya juye. Bututu lafiyayye ya girma a cikin kitsen da ba shi da alfa. Bututun da ba shi da alfa kuwa ya ƙi motsi a cikin lafiyayyen jiki, ko da uwar ɗakinsa ta ɗauki ciki.

Gwaji na uku da suka yi shi ne mafi daraja a duk wannan tarihi. Sun cakuɗa ƙwayoyin sel marasa alfa da masu alfa, suka dasa su tare. Marasa alfa, waɗanda su kaɗai ba sa taɓuka komai, sai ga su suna rarrabuwa, suna shiga cikin toho da kowane sashe na bututu. Ashe sel ba ta bukatar ta ji isturojin da kanta, muddin maƙwabciyarta ta ji. Tsarin ya yi kama da na sarki da sanƙira: umarni yana isa kunnen sanƙira shi kaɗai, shi kuma ba ya ɗaukar fartanya, shela yake yi jama'a su fita aikin gayya. A 2007 ɗakin binciken Brisken ya gano shelar kanta, wani ƙaramin furotin mai suna amfiregulin. Isturojin yana sa sel mai alfa ta ƙera shi ninkin ba ninkin, wani sinadari ya yanke shi daga jikin sel, ya je ya taɓa naman kewaye, naman kuma ya mayar da nasa saƙonnin girma zuwa ga bututu. Bututun da aka cire wa amfiregulin yakan tsaya a lokacin balaga kamar wanda ba shi da alfa. Haka aka gane cewa su Cunha ma sun hango wani yanki na gaskiya, domin naman kewaye yana cikin zancen, sai dai ba shi ne ya fara ji ba.

Alfa yana da wani aikin da ba a cika ambata ba: shi ne yake sa sel ta ƙera makarɓin furojestaron. John Lydon da Bert O'Malley a Houston sun nuna a 1995 cewa ɓeran da ba shi da makarɓin furojestaron yana yin manyan bututu, amma ƙananan rassa da buhunan nono na lokacin ciki ba sa fitowa. Furojestaron ma ta bakin maƙwabta yake aiki, ta hanyar wasu furotin biyu, Wnt4 da RANKL. A balagaggiyar mace shi ne yake tura mafi yawan rarrabuwar sel a kowane zagayen al'ada, isturojin yana share masa fage ne. A 2010 ƙungiyoyin bincike biyu suka nuna cewa toshe hanyar RANKL a ɓera yana rage ko jinkirta sankarar da ake tayarwa da furojestaron na roba. Wannan ya zo daidai da abin da babban binciken lafiyar mata na Amurka ya bayyana a 2002, cewa matan da suka daina al'ada masu shan isturojin haɗe da furojestaron na roba sun fi kamuwa da sankarar mama, alhali daga baya ba a ga wannan ƙaruwa a wajen masu shan isturojin shi kaɗai ba.

A nan ne zancen girma ya haɗu da zancen sankara. A 1997 Robert Clarke da Elizabeth Anderson a Manchester ta Ingila suka duba lafiyayyen nonon mata, suka ga ƙwayoyin sel masu makarɓi da wuya su rarrabu, masu rarrabuwa kuma da wuya a same su da makarɓi. A ɓera ma haka abin yake. Rabon aiki ne mai kariya, domin sel da take jin saƙon girma ba ita take girma ba. A sankarar da ke da makarɓi wannan rabo ya rushe: sel ɗaya ce take ji, take shela, kuma take rarrabuwa. Ɓeraye sun nuna ɗaya daga cikin abubuwan da ke riƙe da linzamin. Mary Helen Barcellos-Hoff ta gano a 2005 cewa idan aka rage wani furotin mai suna TGF-beta a jikin ɓera, ƙwayoyin sel masu alfa da ke rarrabuwa suna ƙaruwa. A 2005 ɗin dai Priscilla Furth ta Jami'ar Georgetown ta ƙara yawan alfa a bututun maman ɓera ba tare da ta ƙara isturojin ba, sai bututun suka cunkushe da sel, wasu har suka kai matakin sankarar da ba ta riga ta fasa bango ba. Yawan makarɓin kansa, ke nan, yana iya zama matsala.

Shin in babu alfa babu sankara? Wayne Bocchinfuso da Korach sun gwada a 1999. Sun haɗa ɓeraye marasa alfa da wasu masu ɗauke da ƙwayar gadon Wnt1 da aka kunna a mama, wadda take haddasa ƙari. Ƙarin ya fito duk da haka, amma ya ɗauki kusan ninki biyu na lokacin da yake ɗauka a ɓeraye masu alfa. Makarɓin ba shi ne ya kunna wutar ba, amma yana hura ta. Wani binciken daga Melbourne ta Ostireliya ya ƙara haske a 2006: Jane Visvader da Geoffrey Lindeman sun nuna sel ɗaya tak tana iya gina cikakken mama idan aka dasa ta a kitsen da aka share, kuma irin waɗannan uwayen sel ba su da alfa. Duk da haka cire gidan ƙwai yana rage yawansu da ƙarfinsu. Wannan ya ba da hanyar fahimtar yadda sinadaran gidan ƙwai za su iya taimaka wa sankarar da ita kanta ba ta da makarɓi, tun tana matakin farko, ta bakin maƙwabta.

Sai dai shaidar ɓera tana da iyaka, kuma iyakar babba ce. Kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar mama a mata tana da makarɓin alfa. A ɓera mafi yawanta ba ta da shi. Tsofaffin zuriyoyin ɓerayen da aka yi shekaru ana nazari a kansu suna kamuwa ne saboda wata ƙwayar bairos da uwa take ba 'ya'yanta a nono, wadda John Bittner ya gano alamarta a 1936 a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine. Sinadaran lokacin ciki suna tayar da wannan bairos, shi ya sa a irin waɗannan ɓeraye yawan haihuwa yake ƙara sankara, alhali a mata haihuwa da wuri tana rage haɗarinta a tsawon rayuwa. Ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado tun daga shekarun 1980 ma galibi ƙarinsu ba ya jin isturojin. A shahararren nau'in nan da ake kira PyMT, ƙarin yana farawa da makarɓi, yana tsufa yana zubar da shi.

Tarihin tamoksifen, maganin sankarar mama, ya nuna haɗarin dogara da dabba ɗaya. Kamfanin ICI na Ingila ya haɗa shi a 1962 da niyyar maganin hana ɗaukar ciki, kuma ya yi wannan aiki a jikin manyan ɓerayen ɗakin gwaji, 'yan uwan ƙananan da suka ninka su girma sau da yawa. A jikin mata sai ya sa su sakin ƙwai. A jikin ƙaramin ɓera kuwa yakan yi aiki tamkar shi ne isturojin. Manyan ɓerayen ne suka cece shi, domin ƙarin da sinadarin DMBA yake haddasa musu, bisa tsarin da Charles Huggins ya kafa a 1961, yana dogara da isturojin kamar na mata. A kansu Craig Jordan ya nuna a shekarun 1970 cewa tamoksifen yana hana ƙari fitowa, kuma shansa na dogon lokaci ya fi na gajere.

Masu bincike ba su yar da ƙaramin ɓera ba, sun gyara yadda suke tambayarsa. Suna dasa ƙwayoyin sankarar mutum, irin su MCF-7 da aka raina a Detroit a farkon shekarun 1970, a jikin ɓerayen da ba su da garkuwar jiki. A 1988 Marco Gottardis da Jordan suka dasa sankarar mama a gefe ɗaya na ɓera, sankarar mahaifa a ɗaya gefen, suka ba shi tamoksifen. Ta mama ta tsaya, ta mahaifa ta ƙara girma. Gargaɗi ne da likitoci suka tabbatar a jikin mata ba da daɗewa ba, kuma shi ya sa ake gaya wa mai shan maganin ta kai rahoton duk wani zubar jini da ba ta saba gani ba. A 2012 aka gano a St. Louis cewa ɓerayen da ba su da ƙwayar gadon STAT1 suna fitar da ƙari mai alfa wanda yake dogara da gidan ƙwai. A 2016 ɗakin Brisken ya nuna cewa idan aka zuba ƙwayoyin sankarar mutum ta kan mama zuwa cikin bututun ɓera, maimakon a cusa su cikin kitse, suna riƙe makarɓinsu kuma suna girma ba tare da an ƙara wa dabbar isturojin ba. Wurin zama yana sauya halin sel. Da irin waɗannan dashe ake gwada magungunan sankarar da makarɓinta ya rikiɗe ya koma aiki ba tare da isturojin ba, rikiɗar da aka tabbatar da yawanta a 2013 a jikin matan da cutarsu ta dawo bayan magani.

Duk wannan aiki yana komawa ga tambaya ɗaya a gaban gadon mara lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a 2022, kimanin 670,000 kuma suka rasu. Shan tamoksifen na shekara 5 yana rage mace-macen masu sankara mai makarɓi da kusan kashi 1 cikin 3, amma ga wadda ƙarinta ba shi da makarɓi ba ya tsinana komai sai illolinsa. A Najeriya, inda sankarar mama ta fi kowace sankara yawa a cikin mata, binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jagoranta a 2009 a kan naman ƙari daga Najeriya da Senegal ya samu mafi yawansu ba su da makarɓi. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike daga sassan Afirka ya nuna cewa inda aka adana naman da kyau tun daga ɗakin tiyata, adadin masu makarɓi yana hawa sosai. Furotin ne mai saurin lalacewa: naman da ya daɗe a zafi kafin a tsoma shi cikin fomalin zai iya fitowa a gwaji tamkar ba shi da makarɓi, a hana mace maganin da ke da araha kuma zai iya tsawaita ranta.

Don haka duk macen da aka yanki ƙululu a nononta, da mijinta ko 'yan uwan da suka raka ta asibiti, su tabbatar an kai naman ɗakin gwaji a kan lokaci, su tambayi likita ko an yi masa gwajin makarɓin isturojin, su kuma nemi a ba su sakamakon a rubuce kafin a fara kowane magani na sinadaran jiki.